Daga "thin" zuwa "skinny": tarihin sunayen da Turancin Ingilishi ya laƙaba wa siririn jiki

Wanda ya yi lakkwal ta Faransanci, kalma biyu kan ishe shi in zai kwatanta mutum marar jiki: "maigre" idan abin ya zo da tausayi, "mince" idan ya zo da yabo. Ranar da ya fara koyon Turancin Ingilishi kuwa, sai ya tarar kasuwa ce guda ta ci: thin, lean, slim, slender, skinny, svelte, gaunt, lanky, scrawny, ga su nan dai. Jiki ɗaya, sunaye sun fi goma. In ka ɗauko wadda ba ita ba, kana ganin yabo ka yi, ashe zagi ne.

Na ɗauki lokaci ina bin sawun waɗannan kalmomi cikin ƙamusoshin da ke bayyana asalin kalma, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke tafiya tare da yunwa da ƙoshi. Zamanin da abinci ke wuya a Ingila, daga fata da ƙashi da mugun abu ake samo sunan rama. Da rumbuna suka cika, sai aka ɗauko waɗansu cikin kalmomin nan aka wanke su tas, aka mai da su kirari, har ana sayar da kaya da su. Yau su ne ke shigo mana ta wayar salula cikin tallar shayi da ƙwayoyi da tufafi. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu san daga inda suka fito.

Ƴan gida na asali

Tsohuwar cikinsu ita ce "thin". Fiye da shekara 1,000 ke nan tana bakin mutanen Ingila, a da ana ce mata "thynne". Tana da ƴan'uwa ko'ina cikin Turai: "dünn" a Jamusanci, da "tenuis" a Latin, wadda ta haifi "ténu" ta Faransanci. Masana harshe sun mai da su duka ga saiwa ɗaya mai ma'anar a ja abu ya miƙe. Ka tuna yadda ake kafe ƙirgi da turaku ana ja, yana ƙara faɗi yana rage kauri. To, hoton ke nan. Wannan saiwar ce ta ba Latin "tendere", daga nan Faransanci ya sami "tente", Ingilishi ya sami "tent", mu kuma muka karɓa muka ce tanti. Wato tantin da ake kafawa ƙofar gida ranar biki ɗan'uwan "thin" ne na nesa. Ita "thin" ba ta cika ɗaukar ɓangare ba. Ana faɗinta ga mutum, ga takarda, ga miyar da ta tsinke, ga muryar da ba ta da ƙarfi.

Ta biyu ita ce "lean", ita ma tsohuwa ce, kuma mahauta sun fi kowa saninta: nama marar kitse, tsoka zalla. A fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, da ita aka kwatanta ramammun shanun nan bakwai da sarkin Masar ya gani cikin mafarki suna cinye masu ƙiba, labarin da mu ma muka sani a Suratu Yusuf. Har yau in Bature ya ce "lean years", shekarun fari da babu yake nufi.

Mutum mai irin wannan jiki ba a yarda da shi ba a wancan zamani. A wasan kwaikwayon Julius Caesar da Shakespeare ya rubuta wajen 1599, Kaisar da kansa ya nuna ya fi son masu teɓa, masu barci da dare, su kewaye shi, yana tsoron Cassius saboda ramarsa da yawan tunaninsa. Kuma bai yi ƙarya ba, Cassius ɗin ne ya ƙulla makircin kashe shi. Yau fa? "Lean" yabo ce ga ɗan tsere da ɗan ƙwallo. A 1988 wani mai bincike a Amurka, John Krafcik, ya ɗora ta kan salon aikin masana'antar motoci irin ta Toyota, inda ba a barin komai ya tafi a banza. Sai dai in ka ji kamfani na cewa zai zama "lean", ma'aikata su fara haɗa kayansu, kora ce tafe.

Akwai kalmomi biyu da suka sauya gida. "Small", wadda kowane ɗan aji ɗaya ya sani da ma'anar ƙarami, asalinta siriri ko matsattse take nufi, kamar yadda "schmal" ke nufi a Jamusanci har gobe. "Starve" kuma a tsohon Ingilishi mutuwa ce kawai, ko da me ya kashe mutum, kamar "sterben" ta Jamus. Sannu a hankali ma'anarta ta tsuke ta koma mutuwar yunwa.

Baƙin da suka zo da takobi

Daga shekarar 793 mayaƙan teku na arewacin Turai, waɗanda ake kira Viking, suka fara kai hari gaɓar Ingila, daga baya da yawansu suka zauna suka yi aure. Cikin kalmomin da suka bari akwai "skinn", fatar dabba da aka feɗe. Ita ta zama "skin". Wajen 1600 aka fara kiran ramammen mutum "skinny", wato wanda ba abin da ya rage masa sai fata. Mu mukan ce fata da ƙashi. Shakespeare ya yi amfani da ita a Macbeth wajen kwatanta leɓɓan mayu. Ka riƙe wannan, mai karatu, za mu dawo kanta.

A 1066 kuma Normandawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Shekaru ɗaruruwa Faransanci ya zama harshen fada da kotu. Ta wannan ƙofa "maigre" ta shiga, ta zama "meagre". Da farko jikin mutum take kwatantawa, amma yau an fi jinta ga albashin da bai kai ƙarshen wata ba ko abincin da bai ƙosar ba. Ita kuwa "mince", Ingilishi ya ari aikatau ɗinta ne mai ma'anar yayyanka abu ƙanana. To ka ga, in ka ce wa Baturiyar Ingila ita "mince" ce, niƙaƙƙen nama ka kira ta.

"Slender" ta bayyana a ƙarni na 14. Yau kalmar yabo ce mai tsabta, kusan santaleliya a Hausa. Amma Geoffrey Chaucer, marubucin Canterbury Tales wanda ya mutu a 1400, ya ɗora ta ne kan wani wakilin gandu mai zafin rai, mai ƙafafu kamar sanda, wanda talakawan gandun ke tsoro kamar mutuwa. Shakespeare ma da ya tashi raɗa wa wani sakaran saurayi suna a wasan The Merry Wives of Windsor, Slender ya sa masa. Wani tela kuma a wani wasan nasa ya sa masa Starveling, wato ɗan yunwa.

"Gaunt" ta zo a ƙarni na 15, ga wanda ciwo ko tsufa ya zaftare wa kumatu, idanu sun faɗa. Akwai wani basarake, John of Gaunt, da ya mutu a 1399. Sunansa daga birnin Ghent na Beljiyam ta yau ne, inda aka haife shi, ba shi da alaƙa da rama. Duk da haka a wasan Richard II an sa shi yana kwance yana jinyar ajali yana wasa da sunan nasa da ramarsa. "Lanky" ta dogo ce siriri wanda hannu da ƙafa suka yi wa yawa. "Scrawny" ta yi ƙarfi a Amurka a ƙarni na 19, kuma ita ce daidai da abin da muke ce wa kamar kazar mayu.

In ka tara waɗannan duka za ka ga har wajen 1600 da wuya ka sami kalmar rama guda da mutum zai ji daɗi an jefe shi da ita. Mai ƙiba shi ne mai gona, mai shanu, mai faɗa a ji. Ramamme kuwa ko talaka, ko majinyaci, ko mai mugun nufi.

"Slim": daga karkace zuwa kyau

Ba kalmar da ta yi tafiya mai nisa kamar "slim". Ta shigo Ingilishi a tsakiyar ƙarni na 17 daga harshen mutanen Holand, inda asalinta ke nufin abu karkatacce, marar kyau, daga baya mai wayo. Ƴar'uwarta ta Jamus, "schlimm", har yau mugu take nufi. A Holand kuma "slim" yanzu mai basira ce. Jan Smuts, wanda ya yi firaministan Afirka ta Kudu sau biyu, ƴan ƙasarsa na ce masa "Slim Jannie". Ba jikinsa suke nufi ba, dila suke kiransa.

Guntun tsohuwar ma'anar na nan ya maƙale cikin Ingilishi. In an ce maka damarka "slim" ce, to ba ka da rabo sosai. Abin dariya, in an ce damarka "fat" ce, wato mai ƙiba, gatse ne, ma'ana babu ita sam. Siririya ko ƙatuwa, duk dai ba ka samu ba.

Yaya aka yi kalma mai wannan asali ta zama abin da ake biyan kuɗi a samu? Sai mun bi ta ƙarni na 19.

Lokacin da masu kuɗi suka fara son rama

A farkon wannan ƙarni Ingilishi ya aro "svelte" daga Faransanci, shi kuma daga "svelto" ta Italiya, mai asalin ma'anar abin da aka fizgo ko aka zaro. Masu zane da sassaƙa ne suka fara amfani da ita ga siffar da ta miƙe ba nauyi. Sai "sylph", sunan da wani likita ɗan Suwizalan, Paracelsus, ya ƙirƙira a ƙarni na 16 ga aljanun iska. A 1832 aka nuna rawar La Sylphide a Paris, kuma cikin wannan zamani aka fara kiran siririyar budurwa da wannan suna. Sai "willowy", daga sunan wata bishiya mai rassa sirara masu lanƙwasa a bakin rafi. Ka lura da inda kalmomin yabon suka fito: ɗakin zane, gidan rawa, lambun masu hali. Na zagin kuwa daga mahauta da gona da gadon jinya.

A lokacin ne kuma tarin fuka ke kashe mutane birjik a biranen Turai. Sunansa a Ingilishin zamanin "consumption", wato ciwon da ke cinye mutum. Abin mamaki, farar fata da rama da ƙyallin idon mai wannan ciwo sun zama abin sha'awa ga mawaƙa da masu zane.

Sai ga William Banting, wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, wanda gidansu ke yi wa gidan sarauta aiki. A 1862 nauyinsa ya kai wajen kilo 92, ga shi gajere. Likitansa ya hana shi burodi, man shanu, madara, sukari, giya da dankali. Cikin shekara guda ya zubar da kimanin kilo 21. A 1863 ya buga ɗan littafi, Letter on Corpulence, yana ba da labari. Littafin ya karɓu har sunan mutumin ya zama aikatau: ana tambayar mutum ko yana "banting". A harshen Suwidin har yau "banta" na nufin rage cin abinci don a rame.

Daga nan abin ya zama kasuwa. A 1918 wata likita a Amurka, Lulu Hunt Peters, ta fitar da littafin da ya koya wa mata ƙirga kalori. Ƙarshen shekarun 1920 kamfanin sigarin Lucky Strike ya riƙa gaya wa mata su kunna kara ɗaya maimakon shan alewa. Wajen 1930 "slim" ta zama aikatau, "slimming" ta zama sana'a. A 1968 aka fitar da sigarin mata mai suna Virginia Slims. Kalmar da ta fara da ma'anar karkace ta ƙare a jikin kwalin taba, tana yi wa mata alkawarin kyau.

Tsinke da kayan tsintuwa

A 1966 wata jarida a Landan ta ayyana wata yarinya ƴar shekara 16, Lesley Hornby, a matsayin fuskar shekara. Nauyinta wajen kilo 41 ne. Laƙabinta Twiggy, daga "twig", ɗan siririn reshe. Da Hausa sai mu ce Tsinke. Sunan tsokana ne, amma da shi ta zama ɗaya daga cikin mashahuran masu tallar tufafi a duniya.

A shekarun 1990 aka tono wata kalma da ta fi wannan ban tausayi: "waif". A tsohuwar shari'ar Ingila, "waif" kayan tsintuwa ne da ba mai su, ko kayan da ɓarawo ya yar yana gudu, waɗanda ke komawa hannun sarki ko mai ƙasa. A ƙarni na 18 ta koma kan yaron da ba shi da gida ba shi da gata. Sai masu tallar tufafi suka mai da ta sunan yayi, Kate Moss ce kan gaba. Abin ya kai ana nuna ƴan mata da kamannin masu shan hodar iblis da makamantanta, har Shugaba Bill Clinton na Amurka ya fito a 1997 ya yi tir da salon.

Mu koma ga "skinny", ta leɓɓan mayu. A shekarun 2000 ta zama sunan matsattsen wandon jins da matasa ke rububi. A gidajen shan kofi, "skinny" ita ce kofi da madarar da aka kwashe wa mai. Ba wanda ke jin ƙyama in ya faɗe ta wajen sayayya. Amma ka ce wa mutum shi "skinny" ne ido da ido, har yanzu da sauran dafi.

Hukumomi sun fara taka birki. A 2006 masu shirya makon nuna tufafi na Madrid suka hana waɗanda ma'aunin jikinsu bai kai 18 ba hawa dandali. A Faransa, dokar da ta fara aiki a 2017 ta wajabta wa masu tallar tufafi takardar likita, ta kuma ce duk hoton talla da aka gyara jikin mai shi da kwamfuta sai an rubuta hakan a jikinsa.

Kalmomin asibiti

Wane ma'auni ne wannan? Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi a shekarun 1830, Ancel Keys na Amurka ya ba shi sunan da ake taƙaitawa BMI a 1972. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar babban mutum da ya gaza 18.5 a matsayin "underweight". Mai tsawon mita 1.70, alal misali, in bai kai kilo 53 da rabi ba, ya faɗa nan.

"Emaciated", ramar da ta kai intaha, daga saiwar Latin ɗaya ta fito da "maigre". A 1873 Sir William Gull a Landan ya raɗa wa ciwon ƙin cin abinci suna "anorexia nervosa", a shekarar da Charles Lasègue ya bayyana irinsa a Paris. Ramar yara ta tamowa kuwa "wasting" ce a Ingilishi, "émaciation" a Faransanci. Ita ce ake aunawa da ɗan zaren nan mai launi a damtsen yaro: daga wata 6 zuwa shekara 5, in bai kai santimita 11.5 ba, ya shiga ja, sai magani nan take.

A Afirka ma "slim" ta yi wata rayuwa da ba ta yi a Landan ba. Farkon shekarun 1980, a yankin Rakai na Yuganda, kusa da tabkin Biktoriya, mutane suka ga wani ciwo na tsotse matasa. Suka sa masa suna "slim". A 1985 Dakta David Serwadda da abokan aikinsa suka bayyana shi da wannan suna a mujallar likitoci ta Lancet. Sida ce. Hausa ma ta bi wannan hanya, ta dubi jikin majinyaci ta ce ƙanjamau. A shekarun da mujallun Turai ke sayar da "slim" a matsayin kyau, a bakin tabkin nan sunan ajali ce.

Turancin Buroka na Najeriya shi ma ya ƙara nasa: "lepa" ga siririya, "orobo" ga mai jiki. Bayan Agbani Darego ta lashe gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2001, "lepa" ta ƙara daraja a bakin samarin birni.

Ga mai koyon harshen

In za ka yaba, "slim" da "slender" ba su da haɗari. "Lean" ta mai motsa jiki ce. "Thin" ka bi ta a hankali, tana iya zuwa da damuwa. "Skinny", "scrawny" da "bony" ka bar su sai tsakanin abokan wasa. "Gaunt" da "emaciated" na majinyaci ne.

Hausa ma ta san wannan bambanci. Siririya daban, ramammiya daban. In ka dawo daga tafiya tsohuwa ta dube ka ta ce "ka rame, lafiya kuwa?", tambayar ciwo da yunwa da damuwa take yi, irin tambayar da mutanen Ingila ke yi shekara 400 da suka wuce. Yanzu a kasuwa guda za ka ga mai sayar da shayin "slimming" da mai sayar da sha-ka-fashe suna zaune dab da juna, kowa na cewa jikin ƴar mutane ne bai yi ba. Ƴar'uwa, kafin ki miƙa kuɗinki ga ɗayansu, ki tuna "slim" da karkace ta fara, "skinny" kuma fatar feɗe ce. Yayi ne ya sauya musu ma'ana, kuma gobe yana iya sake sauyawa. Ko jikinki lafiya lau yake ko a'a, wannan magana ce ta likita da ma'auni, ba ta mai talla ba.